Sawun Soja a Cikin Tukunyar Inna

Shekarun baya, a shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau ban san inda zan ajiye shi a raina ba. Jikata ce ta tono mini shi jiya. Muna jin rediyo ana cewa wata ƙasa ta kwashe sojojinta daga wata ƙasa, sai ta juyo ta ce, "Hajiya, wai me ke kai su, me kuma ke dawo da su?" Na ce mata ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba ni da amsar da za ta rubuta a jarrabawa, amma dai na taɓa ganin dawowar soja da idona. To ga shi nan, ku ma ku ji.

Lokacin ina da cikin fari, an mayar da ni gida goyon ciki, a ƙauyenmu da ke gefen Toranke ta ƙasar Ajingi. Mutanen gidanmu ba su da yawa. Akwai mahaifina, wanda ke jan salla a masallacin unguwa, yana kuma noman gero da gyaɗa kamar kowa. Akwai mahaifiyata, da muke kira Inna. Sai ni, sai yayana da ya shiga soja.

Yayana shi ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yayanki" ko "wancan". In tana son ya miƙo mata ludayi sai ta ce da ni, "Ce masa ya miƙo," alhali ya fi ni kusa da ita. Hatta maƙwabcinmu mai irin sunansa, wani laƙabi ta liƙa masa don kada bakinta ya kuskure. Amma duk mun san a kwanon wa tsoka mafi girma take faɗawa.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga yayana ya zo hutun kwana uku tare da abokinsa, wani soja ɗan cikin garin Gaya. Tare suka shiga aikin, tsayinsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, in suka ba ka baya cikin kaki sai ka rantse mutum ɗaya ne aka raba biyu. Suka zauna gaban Baba suka ce za a kai su Chadi. Wai 'yan ƙasar ne ke faɗa a tsakaninsu, an ce a je a tsaya musu tsakani.

Baba ya ce, "Su suka kira ku?"

Yayana ya ce, "Sun dai yarda, Baba. Rabon faɗa ne kawai, ba yaƙi ba."

Inna tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Amma ina kallo, garin nan sau uku ta tankaɗe shi.

Da la'asar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta shigo. Inna ta ja ta bayan rumbu, ni kuma da kunnena mai tsawo na je na zauna kusa wai ina tsintar wake. Tsohuwar ta ce a yi masa kiranye, wato abin da ake yi wa wanda ya yi nisa don ƙafarsa ta dawo da shi gida. Ta ce, "Ki sa a ɗebo ƙasar sawunsa na ƙarshe a ƙofar gida, kafin iska ko akuya ta ɓata. Ki zuba a sabuwar tukunyar da ba ta taɓa ganin ruwa ba. Kullum in rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, ki kafa baki a tukunyar ki kira shi sau uku."

Inna ta ce, "Da suna?"

"Da suna mana, da me za ki kira shi?"

Inna ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta yi tsaki ta ce, "Ke dai da kunyarki. To bar sunan. Ƙasar ai ta san wanda ya taka ta."

Baba bai sani ba, kuma da ya sani da tukunyar nan ba ta kwana a gidan ba. Inna ba ta fita ƙofar gida, don haka aikin ɗebo ƙasa a kaina ya faɗa.

Ranar tafiya, da hantsi, suka yi sallama. Yayana ya durƙusa a bakin ɗakin Inna, ta ce daga ciki, "Allah ya tsare," ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Baba ya raka su hanyar Ajingi inda za su sami mota. Suna shan kwana na lallaɓo da cikina gaba, da 'yar ƙwarya a ɓoye cikin mayafi. Ina duba ƙasa gabana ya faɗi.

Jama'a, da yayana ba takalmi ya fita, ko a cikin sawu ɗari zan nuna nasa, don babban yatsansa a karkace yake tun yana ƙarami. Amma su biyun takalmin soja ne a ƙafarsu, zane ɗaya, girma ɗaya. Ga sawu nan jere biyu, sun haɗu sun rabu, don sun tsaya sun gaisa da mutane, wannan ya koma nan, wancan ya dawo nan. Na tsaya ina raba ido. Can na hango garken awaki ya nufo ƙofar. Na ce a raina ai Yaya ta dama ya fita, na durƙusa na kwashe sawun dama. Abu ɗaya na lura da shi kafin in sa hannu: a dunduniyar sawun akwai wata 'yar tsaga, kamar inda gwangwani ya yanki robar takalmin.

Da na shiga Inna ta kama hannuna ta ce, "Kin tabbata nasa ne?"

Na ce, "Haba Inna, sawun Yaya zai ɓace mini?"

Wallahi ban tabbata ba. Bakina ne kawai ya riga hankalina, kamar yadda ya saba.

Aka ajiye tukunyar a bayan rumbu, aka kife ta da faifai. Kullum in Baba ya tafi masallaci tun kafin azahar, lokacin da kaji ke buɗe baki a ƙarƙashin inuwa, gari ya yi tsit, sai Inna ta je ta durƙusa. Ni ce mai gadi a bakin zaure. Ina jin ta, murya ƙasa ƙasa: "Kai, ka dawo gida. Kai, ka dawo gida. Kai, ka dawo gida." Kun san yadda sabuwar tukunya ke mayar da magana, da wani kauri kamar daga cikin rijiya. To haka take mayar mata. Ni matsoraciya ce ta ƙarshe, ko kyankyaso ya tashi sai na yi salati, don haka kullum tsigar jikina sai ta tashi. Amma a hankali na saba, har ina yin gyangyaɗi a wurin gadin.

Haka muka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Wasiƙa ɗaya ta zo, yana cewa suna lafiya, zafin can ya fi na nan, kuma a bar masa gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, zai zo ya shuka ta.

Sai wata Talata. Ina zaune a bakin zaure na ji Inna ta kira na farko, ban ji tukunya ta mayar ba. Ta kira na biyu, shiru. Na uku ma haka, kamar ta yi magana a cikin buhun auduga. Na leƙa na gan ta durƙushe ta riƙe bakin tukunyar da hannu biyu. Ta ce, "Zo ki taɓa." Na taɓa. Rana tana dukan tukunyar nan tun safe, amma sanyi ƙalau take kamar randar da ta kwana da ruwa. Na ce, "Inna, ƙila tsagewa ta yi." Muka juya ta muka duba, ba tsaga ko ɗaya. Ranar ba wanda ya ci tuwon kirki tsakanina da ita.

Kwana biyu tana kira ba amsa. A rana ta uku muryar ta dawo. Ni dai a kunnena ba irin ta da ba ce, ta fi nisa, kuma tana ɗan jinkiri kafin ta dawo, kamar mai amsawar sai ya waiwaya tukuna. Amma Inna ta miƙe fuskarta a sake ta ce, "Ya taso."

Ba a yi sati uku ba rediyon Baba ya faɗi cewa za a dawo da sojojinmu daga Chadi. Ranar majalisar ƙofar gidanmu ta cika, ni kuma ina bayan danga ina sauraro. Kowa ya zama gwamna. Wani ya ce ai waɗanda aka je rabawa ne suka ce ba sa so. Wani ya ce a'a, manyan soja ne hankalinsu ya koma kan zaɓe da miƙa mulki, wa zai tsaya gyaran gidan maƙwabci ana shirin biki a nasa? Wani tsoho ya ce ciyar da soja a ƙasar wani ba wasa ba ne, gajiya aka yi. Har murya ta fara tashi, Baba ya ce a yi salati.

Na shiga na kwashe duka na gaya wa Inna. Ta yi wani ɗan murmushi tana jan carbi, ta ce, "Bar su su yi ta faɗa." Wato ita a wurinta ta san abin da ya kwaso bataliya guda daga wata ƙasa, kuma yana nan bayan rumbu an kife shi da faifai. Na yi dariya har cikina ya motsa. Ita ce dariyata ta ƙarshe a wannan daminar.

An yi ruwan shuka ranar wata Laraba. Washegari mutane duk suna gona, Baba ya dawo ya wuce masallaci, Inna ta tafi bayan rumbu, ni ina bakin zaure. Ta kira na farko. Ta kira na biyu. Kafin ta rufe baki a na uku, na ji takun takalmi mai nauyi ya tsaya a ƙofar gida.

Ba sallama. Tsayawa kawai aka yi.

Na ɗaga asabari na ga kaki, na ga tsayin da na sani, na buɗe baki zan yi guɗa. Sai ya ɗago kai. Abokin yayana ne. Ya rame, leɓɓansa sun bushe sun tsage, laka har gwiwa, ba jaka ba komai. Yana kallona kamar bai san inda yake ba. Ya ce, "Nan ne gidan?" Mutumin da ya kwana uku a zauren nan.

Inna ta taho da sauri har zaninta na harɗe ta, abin da ban taɓa gani ba, ta leƙo ta bayana. Suka haɗa ido. Ya zame ya zauna a ƙasa cikin laka ya rufe fuska da hula. Inna ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta juya ta koma ciki tana dafa bango.

Da Baba ya dawo aka ba shi ruwa, ya ba da labari. An ajiye su ne a wata mahaɗar hanya suna tsaron shinge. Wata Talata da rana tsaka ɓangarori biyu suka buɗe wa juna wuta, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, su suna tsakiya. Harsashi ya sami yayana a wuya. Ba a ma san na wane ɓangare ba ne. Mutanen unguwar, Musulmi ne, suka taimaka aka yi masa sutura aka binne shi ƙarƙashin wata aduwa kafin la'asar. Da ya ce Talata, na ji Inna ta yi wani ɗan sauti daga cikin ɗaki.

Baba ya daure, ya yi addu'a, sannan ya yi tambayar da har yau nake ji a kunnena. Ya ce, "To ɗana, kun gama abin da kuka je yi?"

Ya ce, "Baba, ban sani ba. Da muka isa kowane ɓangare ya yi mana maraba, don kowa na zaton bayansa za mu bi. Da suka ga ba na kowa ba ne mu, sai muka zama ba mai son ganinmu. Wannan ya ce mun haɗa kai da wancan, wancan ya ce mun haɗa kai da wannan. An ce mu tsare zaman lafiya, amma ba mu tarar da shi a can ba balle mu tsare. Ba kuma wanda ya gaya mana alamar da za mu gani mu san an gama. Wata safiya aka ce mu naɗe kaya. Muna fita muna jin harbi a bayanmu, irin wanda muka tarar ranar da muka shiga."

Baba ya ce, "Ka je gida kun gaisa da mahaifiyarka?"

Nan ya dubi ƙafafunsa. Ya ce niyyarsa ke nan. Ya sauka a tashar Gaya, gidansu ba nisa, ya shirya zai huta sannan ya ɗauko dattawa biyu su zo su faɗi rasuwar yadda ya kamata. Ya ce, "Na ga ƙofar gidanmu da idona, Baba. Na wuce ta. Ban tsaya neman mota ba, jakata ma ban san inda na bar ta ba. Tun a can, kullum rana tsaka nakan ji wata mace tana cewa in dawo gida. Ba muryar mahaifiyata ba ce. In ina gadi sai in ga na juya na fuskanci yamma ban sani ba."

Baba ya ce gajiya ce da zafin rana, ya tofa masa addu'a. Ni kuwa na fita ƙofar gida kamar zan zubar da ruwa. Ƙasa a jiƙe take, sawunsa ya fito raɗau. A dunduniyar kowane taku na dama, ga 'yar tsagar nan.

Ban san yadda na koma ciki ba. Abin da ke raina ɗaya ne: sawun abokinsa na ɗebo. Wata uku Inna na durƙuso a rana tana kiran ɗan wata, nata yana can ba mai kiransa, saboda ni da gaggawata da ƙaryar "sawun Yaya zai ɓace mini". Na san ajali ba ya jiran tukunya, a gidan malami na tashi. Amma sani daban, abin da ke cin zuciya daban. Na rasa wanda zan gaya wa. In na gaya wa Baba na tona asirin Inna, in na gaya wa Inna ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba.

Kwana tara bayan haka na haihu, namiji. Ranar suna Baba ya raɗa masa sunan yayana, mijina bai yi musu ba. Inna ce ke yi mini wankan jego, tana dama mini kunun kanwa, tana goya yaron, amma magana ta ƙaura daga bakinta. Ni kuma duk lokacin da ta miƙo mini ƙwarya sai in kasa kallon fuskarta. Tukunyar tana nan a bayan rumbu, ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya iya fasa ta. In zan wuce wajen nakan yi wani dogon zagaye, sai ka ce kura aka ɗaure. Mijina ya bar ni na daɗe a gida saboda halin da Inna ke ciki, bai san ni ma ina cikin nawa ba.

Da kaka, ana cirar gyaɗa, abokin yayana ya dawo. Wannan karon da sallama, cikin riga da hula da takalmin fata irin na kowa, yana riƙe da wani ƙunshi. Ya ce ya sami hutu ne ya zo ya taya Baba girbe gayaunar marigayi, wadda Baba ya shuka da hannunsa. Bayan an gaisa ya tura ƙunshin gaban Baba ya ce akwai abin da ya ɓoye, yana neman gafara. Ina tsakar gida da yaro a baya, ƙofar zaure a buɗe, ina ganin komai.

Ya kwance. Takalmin soja ne.

Ya ce, "Nasa ne, Baba. Nawa ya rabu da tafinsa tun a can, ina ɗaure shi da waya. Da aka yi masa sutura aka bar takalminsa, ƙafarmu ɗaya. Kwana biyu ina kallonsa na kasa sawa, a rana ta uku na sa. Da shi na zo nan ranar. Kunya ta hana ni faɗa, kada a ce na ci gadon mamaci tun kafin iyayensa su ji." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma daga ranar da na sa shi na fara jin kiran nan. Da na cire shi ban ƙara ji ba."

Ban san lokacin da na shiga zauren ba, ba ko gyaran mayafi. Na ɗauki na dama na juya shi. Ga tsagar a dunduniya. Na ce, "Wannan yankan, yaushe ya same shi?"

Ya ce, "Tun a bariki, kafin mu zo hutu. Gwangwanin kifi ya taka."

Kuna zaton sanyi na ji a raina, ko? Ni ma haka na zata zan ji. Ashe ban yi kuskure ba, sawun yayana na ɗebo. Amma sai na ji tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa, don na gane abin da muka yi. Ba ƙafarsa ce ta taka ƙasar nan ba, takalmi ne. Takalmi muka kira wata uku, kuma takalmin ya zo, tun daga Chadi har ƙofar gidanmu, ɗauke da wanda ya samu a cikinsa.

Baba yana kallona bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na kwashi takalmin na shiga wurin Inna na ajiye a gabanta. Na gaya mata komai, tun daga awakin da suka sa ni gaggawa, da ƙaryar da na yi mata, da abin da na ɗauka a raina duk daminar, har zuwa abin da na ji yanzu. Ina kuka ina cewa ta yafe mini.

Ta daɗe tana shafa takalmin da tafin hannunta. Sannan ta ce, "Ke me kika yi? Ni tun ranar da yaron nan ya tsaya a ƙofa na san laifin wa ne. An ce mini in kira da suna. Shekara ashirin da shida ban kira shi ba. Ko sau ɗaya bai ji ba. Na ce 'kai'. Wane ne ba 'kai' ba?"

Ashe duk daminar nan muna ɗaki ɗaya, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta laifi ɗaya.

Lokacin rana ta kusa take tsaka. Ta miƙe ta nufi bayan rumbu, na bi ta. Ta ɗage faifan, ta durƙusa, ta kafa baki. Ta kira sunansa. Cikakken sunansa na yanka, sau uku, a fili, ba ƙasa ƙasa ba. Ban taɓa sanin haka sunan yake da daɗi ba sai da na ji shi a bakinta. Muka tsaya muna jira, ni da ita, ban san me muke jira ba. Tukunya ba ta mayar da komai ba. Sai yaron da ke bayana, mai sunan, ya farka ya tsala kuka.

Inna ta juyo ta dube shi. Ta ɗauki tukunyar ta miƙo mini ta ce in mayar da ƙasar inda na ɗebo ta. Na zubar a ƙofar gida, awaki suka bi ta kai. Tukunyar kuwa ta wanke ta, ta yi istigfari, aka ci gaba da dafa wake a ciki har ta fashe don kanta.

Yanzu da na tsufa, ban ce muku tukunya ce ta dawo da kowa ba. Allah ne ke kaiwa, shi ke dawowa da wanda ya so, kuma na tuba da hannun da na sa a wancan aiki. Mutumin da ya ga an binne amininsa, ya sa takalminsa, ba abin mamaki ba ne ƙafarsa ta kai shi gidan mamacin. Haka nake gaya wa kaina, kuma yawancin ranaku ina yarda.

Game da tambayar jikata kuwa, na ba ta abin da na ji daga bakin wanda ya je. Ana shiga ne da zaton kwana kaɗan za a yi, ana fita in masu gida sun daina so, ko in hankalin manya ya koma kan abin da ke gabansu a gida, ko in an rasa wanda zai faɗi ranar gamawa. Ba lallai sai an gama ake dawowa ba. Sai dai na ƙara mata da nawa: ranar da aka ce "sojojinmu sun dawo", gaskiya aka faɗa, ba a dai kira suna ba ne. Namu yana can ƙarƙashin aduwa a unguwar da ban san sunanta ba.

Ɗana na fari yanzu shi ma ya yi furfura. Tun yana goye nake kiran sunansa gatsau, a tsakar gida, a gaban surukai, a kasuwar Ajingi, har aka sa mini mara kunya, kuma na amsa. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Har ta rasu ba ta ƙara furta sunan ba, amma duk lokacin da na ƙwala masa kira sai ta dakata da abin da take yi, ta saurara har ya amsa.